Injiniyan da ya ƙi taɓa kwangilar soja: me ƙin nasa ya hana?

Injiniya Bala: Assalamu alaikum. Ina so mu ɗan tsaya kan ma'aikatan manyan kamfanonin fasaha na Amurka da ke ƙin yi wa sojoji aikin ƙirƙirarriyar basira. Roƙona ɗaya, a tsaya kan abin da ya faru, a bar wa'azi. Zan fara da Project Maven, tunda daga can rigimar ta fito fili.

A Afrilun 2017 ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa shirin bisa umarnin mataimakin sakataren tsaro na lokacin, Robert Work. Damuwarsu ita ce jiragensu marasa matuƙa na kwaso bidiyon da ya fi ƙarfin idon masu kallo. Sai aka ce a koya wa na'ura ta riƙa kallo, ta zagaye abin da ta gani, ta ce wannan mota ce, wannan gini ne, wancan mutum ne. Kamfanin Google ya karɓi wani yanki na aikin, kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba a ma'auninsa, wajen dala miliyan 9. Labari ya fasu a Maris 2018. A Afrilu ma'aikata sama da 3,000 suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin, Sundar Pichai, a Mayu kuma wajen goma sha biyu suka ajiye aiki. A Yuni kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba, ya kuma fitar da ƙa'idoji da ke cewa ba zai ƙera wannan fasaha don makamai ba. A Fabrairun 2025 aka share wannan alkawari daga ƙa'idojin. To jama'a, ƙin nan ya hana wani abu, ko jinkiri kawai ya kawo?

Malam Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Injiniya, amsar tana cikin tambayarka. Maven bai tsaya ko na yini guda ba. Kamfanin manhaja na Palantir ya shiga, kuma a Mayun 2024 aka ba shi kwangilar dala miliyan 480 kan tsarin da ya tsiro daga shirin. Shi kansa Google da ya janye daga takarar JEDI, kwangilar hayar rumbunan ajiya da injinan lissafi ga ma'aikatar tsaro ta dala biliyan 10, a Oktoban 2018, ai ya dawo: a Disamban 2022 yana cikin kamfanoni huɗu da aka raba wa kwangilar dala biliyan 9 da ta maye gurbinta, tare da Amazon, Microsoft da Oracle. A Janairun 2024 OpenAI ya cire haramcin aikin soja daga sharuɗɗan amfani da manhajarsa. A Nuwamban shekarar Meta ya buɗe manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, Llama, ga hukumomin tsaron Amurka, Anthropic ya haɗa kai da Palantir da Amazon. A Yulin 2025 ma'aikatar tsaron ta ba Anthropic, Google, OpenAI da xAI kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 200 kowannensu. Ihu bayan hari ke nan. Wanda ya ajiye aiki ya wanke hannunsa ne kawai, kujerarsa kuma wani ya hau.

Dakta Hadiza: Malam Ɗanlami, lissafinka na kwangiloli daidai ne, amma ka tsallake abin da masu ƙin suke ƙi. Da yawansu ba cewa suke soja kada ya taɓa kwamfuta ba. Sun san yadda tuwon ke tuƙuwa ne, shi ya sa suka ƙi ci. Bari in zayyana matakan.

Na farko, a tara bidiyo a yanka shi hoto-hoto. Na biyu, mutane su zauna su ja akwati a kan kowane abu su sa masa suna. Na uku, a horar da na'urar da waɗannan hotuna. Na huɗu, a gwada ta da wasu hotunan da aka ware ba ta taɓa gani ba. Na biyar, a saka mata mizani: ita na'urar ba ta cewa "wannan bindiga ce", maki take bayarwa tsakanin 0 da 1, sai wani mutum ya yanke cewa daga 0.6 ko daga 0.9 za a ɗaga tuta. Na shida, a kai ta fagen aiki.

Kowane mataki da inda yake yoyo. Daga nisan da jirgi ke shawagi, mutum ɗigo ne 'yan kaɗan a allo. Da dare kuma zafin jiki kyamarar ke gani, babu launi, babu fuska. Fartanya a kafaɗa da bindiga a kafaɗa duk doguwar inuwa ce. Hotunan gwaji yawanci daga tulu ɗaya aka ɗebo su da na horarwa, don haka makin jarrabawa zai yi kyau, amma da an sauya ƙasa, yanayi, tufafi ko kyamara, sai ƙwarewar ta zube, kuma na'urar ba za ta ce maka ta rikice ba. Za ta ci gaba da ba da maki mai tsoka a kan kuskure. Mataki na biyar kuwa shi ya fi ɗaga wa injiniyoyi hankali. Ka sauke mizani, ka kama masu laifi da yawa tare da bayin Allah da yawa. Ka ɗaga shi, bayin Allah su ragu, wasu masu laifi su sulale. Wannan lamba hukunci ce kan ran mutane, amma a fayil ɗin saiti take zaune, kuma wanda ya rubuta manhajar ba ya nan ranar da za a juya ta.

Malam Ɗanlami: Dakta, idan na'urar na daidai kashi 99 cikin 100 fa? Wane ɗan Adam ne ke kai haka bayan awa goma a gaban allo?

Dakta Hadiza: Madalla, ɗauki biro. Misali ne nake bayarwa, ba alƙaluman wani yaƙi ba. Gari mai mutum 1,000,000, a cikinsu mayaƙa 1,000. Na'urarka na gane mayaƙi kashi 99 cikin 100, tana kuma wanke farar hula kashi 99 cikin 100. Za ta kama mayaƙa 990. Cikin farar hula 999,000 za ta yi kuskure kan kashi ɗaya, wato 9,990. Jerin da za ta miƙa maka na da suna 10,980, kuma cikin kowane mutum goma sha ɗaya, ɗaya ne kacal mayaƙi. Na'urar ba ta lalace ba, aikinta take yi yadda aka yi talla. Duk abin da ake nema da ƙaranci cikin taro mai yawa haka lissafinsa ke fita.

Alhaji Shehu: 'Yata Dakta, na yarda da lissafi, amma ku bar ni in tsaya wa ɗaya ɓangaren, don kada mu yi kiɗa mu yi rawa mu kaɗai. Kurakuran da suka fi muni da muka sani, idon mutum ne ya yi su. Ranar 29 ga Agustan 2021 a Kabul, an bi wata farar Toyota Corolla na tsawon sa'o'i, aka ɗauki jarkokin ruwa a matsayin abubuwan fashewa, aka kashe farar hula 10, bakwai yara ne. Amurka da bakinta ta amsa kuskure ne. A gida ma, daren 3 ga Disamban 2023 a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, aka rasa mutum 85 aƙalla, rundunar sojan ƙasa ta amsa nata ne. Ba na'ura ce aka ɗora wa laifin wannan ba. Mutane ne suka kalli taro daga sama suka fassara shi ba daidai ba. Masu goyon bayan kwangilolin nan hujjarsu ke nan: na'urar da za ta ƙirga yara a tsakar gida kafin a danna, ai rai take ceto. Kuma in ƙwararrun da ke da tausayi sun janye, marasa tausayi za a bar wa aikin. Shugaban Microsoft, Satya Nadella, kusan abin da ya faɗa ke nan a 2019, lokacin da ma'aikatansa suka nemi a soke kwangilar dala miliyan 480 ta gilashin HoloLens ga sojan ƙasa: kamfanin ba zai hana hukumomin da aka zaɓa ta dimokuraɗiyya fasaharsa ba.

Dakta Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma, hujjar na da nauyi. Amma a duba me ake saya da kuɗin. Na'ura ɗaya za ta iya yin aiki biyu: ta rage kuskure a kan hari guda, ko ta ninka yawan hare-haren da ake iya shiryawa a yini. Abin da ake yawan tallatawa shi ne sauri. Idan da can mutum ashirin ne ke tantance wuri goma, yanzu mutum biyu ke tantance ɗari, lokacin duba kowane ɗaya ya ragu, ko da na'urar ta fi kowannensu kaifin ido. Ga kuma halin ɗan Adam: wanda allo ya faɗa wa gaskiya sau ɗari, a na ɗari da ɗaya ba zai yi gardama ba. A 2003 a yaƙin Iraƙi, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta ɗauki jirgin Tornado na Birtaniya a matsayin makami mai linzami, aka harbo shi, mutum biyu suka mutu. Bayan kwanaki aka sake harbo F/A-18 na Amurka kanta. Akwai mutane zaune a gaban allon. Daƙiƙu kaɗan gare su.

Barista Ummi: Nan ne doka ke shigowa, kuma nan ne kalmar "akwai mutum a tsakani" ke yaudarar mutane. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na farko na 1977 ya ɗora wajibai uku da suka shafe mu: a bambance mayaƙi da farar hula, kada ɓarnar da za a yi wa farar hula ta zarce amfanin soja da ake hange, sannan a yi duk abin da zai yiwu don tabbatar da abin da za a kai wa hari. Sashe na 36 kuma ya ce duk sabon makami ko sabuwar hanyar yaƙi sai ƙasa ta tantance halaccinsa. Matsalar ita ce manhajar da ke fitar da jerin sunaye ba ta harbi, don haka ana iya cewa ba makami ba ce, kayan ofis ce. Ta nan take zillewa. Umarnin ma'aikatar tsaron Amurka mai lamba 3000.09, na 2012 da aka sabunta a Janairun 2023, shi ma bai ce dole mutum ya amince da kowane harbi ba. Cewa ya yi a samu gwargwadon hukuncin ɗan Adam da ya dace. Wa ke auna dacewar? Su.

Ku dubi rahoton da mujallar +972 ta fitar a Afrilun 2024 kan tsarin ƙirƙirarriyar basira mai suna Lavender a Gaza. Jami'an leƙen asirin Isra'ila shida da ba a bayyana sunansu ba sun ce tsarin ya yi wa Falasɗinawa har 37,000 alama, an san yana kuskure wajen kashi 10 cikin 100, kuma wani ya ce daƙiƙa 20 yake ba kowane suna, galibi don ya tabbatar namiji ne. Rundunar Isra'ila ta musanta, ta ce rumbun bayanai ne kawai kuma jami'ai na bincike da kansu. Ko da an ajiye musun gefe, tambayar da rahoton ya tayar tana nan: sa hannun daƙiƙa 20 hukunci ne ko hatimi?

Injiniya Bala: Barista, wannan ya kai mu Project Nimbus, wanda a ganina ya fi Maven wuyar sha'ani. A Maven an san abin da ake ginawa. Nimbus kuwa, kwangilar dala biliyan 1.2 ce da gwamnatin Isra'ila ta ba Google da Amazon a 2021, ta hayar rumbunan ajiya da injinan lissafi. Google na cewa ba ta shafi ayyukan sirri na soja da suka danganci makamai ko leƙen asiri ba. Ma'aikatan suka ce, ta yaya kuka sani? Mai ba da hayar rumbu ba ya leƙa buhun da aka ajiye, wannan ma shi ne abin da yake sayarwa. Abin da yake gani shi ne yawan ajiya, yawan injin da aka kunna, da kuɗin wata. Injiniyan da ke gyara tsarin adana fayil bai taɓa ganin hoton jirgi ba, amma aikinsa na ƙarƙashin komai. A Afrilun 2024 wasu suka yi zaman dirshan a ofisoshin Google na New York da Sunnyvale, aka kori 28 nan take, daga baya adadin ya kai wajen 50.

Malam Ɗanlami: To ka gani. 2018 an saurare su, 2024 an nuna musu ƙofa. Me ya sauya?

Barista Ummi: Kasuwa da doka, Malam. A 2018 ƙwararrun wannan fanni sun yi ƙaranci, kamfani na tsoron su gudu. Daga ƙarshen 2022 aka shiga korar ma'aikata dubbai, tsoro ya koma ɗaya ɓangaren. Doka kuwa dama can ba ta tare da su sosai. A kusan duk jihohin Amurka ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da an ba da dalili ba, muddin ba dalilin da doka ta haramta ba ne. Dokar ƙwadago ta 1935 na kare ma'aikatan da suka haɗa kai kan albashi da yanayin aiki. Ƙin abokin cinikin kamfani saboda lamiri bai faɗa ciki kai tsaye ba, shi ya sa lauyoyinsu ke ƙoƙarin nuna cewa kwangilar ta shafi yanayin aikinsu. Dokokin kare masu fallasa kuma sun fi ƙarfi inda aka karya doka, ba inda abu ya halatta amma zuciya ta ƙi shi ba. Sai baƙi masu bizar aiki ta H-1B, waɗanda suke da yawa a kamfanonin nan: aka kore ka, kwana 60 gare ka ka sami wani aikin ko ka tattara. Idan kun ga wasiƙa babu sunaye, kamar wadda ma'aikatan Google da Amazon suka fitar kan Nimbus a Oktoban 2021, dalilin ke nan.

Alhaji Shehu: Duk da haka Ɗanlami, kada ka ce ba a taɓa cin riba ba. A 1970 baƙaƙen ma'aikatan kamfanin kyamara na Polaroid suka tayar da ƙura kan amfani da kayan kamfanin wajen hotunan takardun shaidar da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ke tilasta wa baƙaƙe ɗauka. Shekara bakwai aka yi, a 1977 kamfanin ya fice. Na kusa-kusa kuma, a Agustan 2025 jaridar Guardian da abokan aikinta suka ruwaito cewa sashen leƙen asirin Isra'ila na 8200 na adana kiran wayar Falasɗinawa a Azure, rumbun ajiyar Microsoft. A Satumba Brad Smith, babban jami'in Microsoft, ya sanar an yanke wa wani sashe na ma'aikatar tsaron Isra'ila wasu hidimomi. Lura da yadda abin ya faru: ma'aikata sun daɗe suna ƙorafi, an kori wasu, amma sai da bayanin cikin gida ya kai hannun 'yan jarida sannan kamfanin ya binciki takardun cinikinsa. Zanga-zanga ita kaɗai ba ta yi ba, sai da ta haɗu da hujja.

Dakta Hadiza: Kuma akwai nau'in ƙi da ya fi wasiƙa tasiri, wanda ba a cika ambata ba. A 1985 masanin manhaja David Parnas ya sauka daga kwamitin kwamfuta na shirin shugaban Amurka Reagan na kakkaɓo makaman nukiliya daga sararin samaniya. Bai ce yaƙi haramun ne ba, shi da ya daɗe yana yi wa sojoji aiki. Cewa ya yi manhajar da ba za a taɓa gwada ta a yanayinta na gaskiya ba sai ranar da ake buƙatarta, ba abin dogaro ba ce, kuma ba zai karɓi kuɗi ya yi kamar za ta yi aiki ba. Irin wannan ƙin, janar ma dole ya amsa shi.

Injiniyan yau da aka kawo wa irin wannan aiki, tambayoyin da za su raba masa gardama a rubuce ya kamata ya nema. Wa zai yi amfani da abin, kuma kwangila ta hana shi miƙa wa wani? An gwada shi da hotunan ainihin yankin da za a kai shi, dare da rana, rani da damina? Wa ke da ikon sauya mizani, kuma ana rubuta duk sauyin? Minti nawa aka ware wa mai tantancewa, kuma allon na nuna masa dalilin makin ko makin kawai? Ana ƙirga sau nawa ya ƙi shawarar na'urar? In adadin ya kusa sifili, ba tantancewa ake yi ba. Sannan kamfani na da ikon bincike da ikon kashe hidimar, ko ya sa hannu ya sarayar? In aka ce duk wannan sirri ne, to an ce ka gina gada ba tare da an faɗa maka nauyin motar da za ta hau ba.

Malam Ɗanlami: Wannan na karɓa. Amma duk zancen mutanen California ne masu albashi mai kauri. Ina ruwan wanda ke Kano ko Yamai?

Injiniya Bala: Ruwansa mataki na biyu da Dakta ta ambata. Jan akwati a kan hoto ba a California ake yawan yin sa ba, ana rarraba shi ne ta intanet ga masu aikin ƙwadago a ƙasashe masu arha, har da na Afirka. A 2019 kafar labarai ta The Intercept ta ruwaito cewa an yi amfani da ma'aikatan dandalin Figure Eight wajen yi wa hotunan Maven lakabi, ba tare da sun san na wane ne ba. Injiniyan Google ya sami damar ƙi domin ya sani. Mai lakabi ko wannan bai samu ba. Alamomin da zai lura da su: hoton da aka ɗauka daga sama tsaye, baƙi da fari irin na kyamarar zafi, an goge lambobin gefen allo, ana neman ya bambance babbar mota da akori-kura, ko mai ɗauke da abu da wanda hannunsa sake. Aikin taswira ko na gona ma na iya kama da haka, don haka alama ba hujja ba ce, dalilin tambaya ce.

Barista Ummi: A ƙara da cewa sama ta yankinmu ba baƙuwar jiragen nan ba ce; daga sansanin 201 na Agadas Amurka ta riƙa tashin nata har ta fice a 2024, kuma ƙasashen Sahel na ta sayen na Turkiyya da Sin. A Disamban 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu sarrafa kansu da ƙuri'a 152, amma ƙuduri ba yarjejeniya ba ce, bai ɗaure kowa ba.

Dakta Hadiza: Kuma in tsarin da aka sayo da bayanan waya yake aiki ba da hoto ba, a ƙara tambaya ɗaya a jerin can: me yake ɗauka a matsayin "mutum"? Yawanci layin waya ne. Tsarin da aka gina bisa zaton layi ɗaya na mutum ɗaya zai ruɗe a ƙauyen da waya guda ke zagaya gida biyar, ake barin ta kwana a shagon mai caji tare da wasu talatin, ko a yi rajistar layi da sunan yaya a ba ƙane. Mai caji a irin wannan lissafi shi zai fito da maki mafi girma, tunda kowace waya a garin ta kwana a wurinsa.